Muryar Kakan Hadiza

Jama'a, yau mamaci ya yi magana a ajina!

Na sauke wani shirin murya daga intanet kan yadda ake haƙar rijiya a Arewa, na kunna wa ɗalibaina a nan Dumega. Wani tsoho ya fara bayani. Sai Hadiza ta miƙe, ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan:

"Mushe, wanga kakana ne! Bara ya rasu!"

Ana tashi daga aji ta ruga gida, ta dawo da kakarta, matar marigayin.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, mai da shi farko."

Na mayar. Muryar ta yi sallama.

Wallahi sai ta gyara lulluɓinta, ta durƙusa gaban wayata, ta ce, "Wa alaikumus salam, Malam. Kwana biyu."