Kwanon Da Ya Ƙi Komawa Wayam

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da rikicin da kwanon matata ya jefa ni a garin Hyattsville na Amurka, cikin shekarun tamanin, ina karatun injiniya. Lokacin kuwa in ka kunna talabijin ba ka jin komai sai Rasha da makamanta, har ka ɗauka gobe da safe za a tashi duniya.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar Rasha, ba mai gaishe ta a benen da muke zaune. Wani abokina ɗan Jos ya ja mini kunne: "Ko murmushi ka yi mata za a rubuta sunanka, bizarka ta tafi." Ni kuwa matsoraci ne na gidi, kuma bizar nan ita ce rayuwata.

Da Babbar Sallah muka yi layya a wata gona, matata ta soya nama ta bi ƙofa-ƙofa tana rabo. Na ce ta tsallake ta tsohuwa.

"Haba Malam, maƙwabciya fa! Naman layya ne ko na siyasa?"

Ta kai mata nata a kwano. Washegari kwanon ya dawo cike da wata miya ja wur. Na ce guba ce. Matata ta shanye ina kallo, ta lashe cokali, sannan ta ce ai kwano ba ya komawa wayam, ta cika shi da dambun nama. Ya dawo da wani abu kamar wainar fulawa. Ta mayar da shi da cincin. Ya dawo da kifi. Sati uku kwanon nan yana safara, ni kuwa duk na rame. Kullum sai na kifa shi na duba gindinsa ko an maƙala na'urar sauraro. Har tsayawa nake kusa da shi ina yabon Amurka da Turanci, da ƙarfi, don kowa ya shaida.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe sai ga Bature dogo cikin baƙar kwat, riƙe da kwanon. Na ɗauka jami'in tsaro ne. Kafin ya yi magana na ɗaga hannu sama na ce, "Wallahi nama ne kawai, kuma ba ni na aika ba, ita ce!" Na nuna matata. Har yau ba ta yafe mini wannan ba.

Ashe ɗan tsohuwar ne, likitan haƙori. Ya ce sulhu ya zo nema. A wurinsu ma abin kunya ne a mayar da kwano wayam, uwarsa kuma ta rantse ba za ta fara sarewa ba, ga ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa a kicin.

Muka shiga gaishe ta. Ta riƙe hannun matata tana hawaye. Ɗan ya fassara mana cewa gwamnatin Rashar da nake tsoro ita suka gudo wa, kuma tun rasuwar mijinta ba maƙwabcin da ya taɓa buga mata ƙofa sai mu. Wannan "mu" ɗin ya ƙone ni, don na san ba ni a ciki. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Daga ranar ban sake ɗora wa mutum laifin masu mulkin ƙasarsa ba. Mu ma a lokacin soja ke mulkinmu, kuma ba wanda ya shawarce ni.