Kujerar da ke Damanka, Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, tsohon jagoran jam'iyyarsa a majalisa. Ni kaɗai ne a ɗakin, sai fanka tana ta juyawa.

Kawu, da mahaifiyata ta rasu kai ka ɗauko ni, ka ga boko ya ƙi ni, ba ka taɓa goranta mini ba. Dariya ka yi, ka ce, "Wanda biro ya ƙi, sitiyari zai karɓe shi." Haka na zama direbanka. Zamanin nan ƙofar falonka ba masaka tsinke saboda takalman baƙi.

Kunnenka na hagu ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa Dogo, mataimakinka, wanda ka ɗauko daga aikin koyarwa ka tsayar takara, yake zama a damanka, a majalisa da gida, yana raɗa maka duk abin da ya wuce ka. Kakan ce, "Dogo ne kunnena."

Ranar da 'yan majalisarku suka taru zaɓen jagora, shi ya miƙe ya ce jam'iyya ba za ta ci gaba da bin wanda ba ya ji ba. Aka ce ba ka ma ji shi ba, sai da ka ga hannuwa a sama, an zaɓe shi a madadinka. A mota ina jiran ka yi tsinuwa, sai ka ce, "Yaron nan ya iya magana. Ni na koya masa."

Daga nan takalma suka dinga raguwa, har ya rage naka da nawa. Duk da haka kowace safiya sai ka sa babbar riga ka zauna a falo, ka juya kunnen dama wajen ƙofa. Wata rana na zauna a kujerar da ke damanka don mu yi hira, ka ce, "Tashi, ɗan nan, wurin da mai shi." Da ciwonka ya tsananta na je gidan Dogo, masu gadi suka ce Jagora yana taro.

Ya zo, Kawu, kwana uku bayan mun kai ka. Da jama'arsa suka fita ya ja ni gefe, ya ce, "Ya bar mini wata magana?" Na nuna masa kujerar, na ce tun ranar zaɓen ba wanda ya zauna a kanta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa haƙurin da ka yi ya zama abokin zamanka. Ina yi wa Inna matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, har da Dogo, don na san da kana nan za ka ce kada a bar shi a baya.