Wasan Neman Ƙaya

Har yau in ƙaurin fata a wuta ya bugi hancina, ko da na babbakar kai ne ranar Layya, sai in gan ni ina 'yar shekara bakwai a ƙofar ɗakin Iya, a gidanmu na gindin Goron Dutse. Amma kafin wannan ƙaurin akwai wani ƙamshi da ya riga shi daɗewa a raina, na na'ana'a a cikin shayi, da gawayi yana kamawa a kasko bayan magariba. Da shi nake so in fara.

Iya ita ta haifi babana. Mahaifinta ya zo Kano ne da ayarin raƙuma daga arewa, ta hamada, ya yi aure ya zauna. Ba ta gaji komai nasa ba sai hasken fata da 'yar butar shayi. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Babana kuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano ayari ya daina zuwa, sai ya bi fatu zuwa Ikko, muna ganinsa shekara-shekara. Gidan yana hannun Baffa, yayan babana, girki kuma yana hannun Goggo Rabi, ƙanwarsu. Ba wanda ya taɓa cutata a cikinsu. Sai dai babu yarinya sa'ata a gidan, kuma ni ba mai magana ba ce. Da safe in je makarantar allo, da rana in zauna ina kallon inuwa tana rarrafe a jikin katanga. Duk yinina jiran abu ɗaya ne: tsamiya ta rufe ido.

'Yar tsamiya ce da ta tsiro da kanta a ƙofar ɗakin Iya, daga ƙwallon da aka zubar bayan an dama kunu. Tsawonta bai wuce nawa ba. In rana ta faɗi, ƙananan ganyayenta sai su haɗa fuska biyu-biyu, su sunkuya, kamar tafin hannun wanda ya gama addu'a. Kowa ya san ba a tatsuniya da rana, amma Iya ba ta yarda da duhu ba, ba ta yarda da ni ba. Tsamiya ce alƙalinmu.

"Je ki duba ta, mai idon mujiya. In da saura ganye ɗaya a buɗe, bakina ma a rufe yake."

"Ta rufe, Iya."

"Ke kika matse mata da hannu, na san halinki."

Kafin tatsuniya kuma akwai wasa, wanda ta sa wa suna neman ƙaya. Sai ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, in jawo fitila, in bi tafin ƙafarta da ido da yatsa, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. In na samo ƙaya, ko 'yar tsakuwa da ta lafe, ko wani sabon faso, dabino ɗaya ne ladana. Wata rana na karya ƙaya gida biyu don in ci dabino biyu, ta yi dariya har da hawaye, ta ce jinin fatake ba ya ɓuya. In na gama sai in shafe ƙafar da man kaɗanya. Daga nan ta ce, "Ma'u, auna mini wuta." In sa ƙafata a inda tata za ta zauna, in ce a matsa da kasko ko a bar shi. Ruwan alwalarta ma sai na tsoma yatsa na ce ya yi. Na taɓa tambayarta dalili, ta ɗaga kai ta ce sarauniya ba ta taɓa abu sai an ɗanɗana mata. Na yarda. A wurina ita sarauniya ce.

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga ta nan tafe, ba ta sa takalmi ba." Ni kuma in amsa, "Ta shigo, mun share mata hanya." Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, kuma ita na fi roƙo.

Wai a can da, itatuwa suna magana, kuma kowacce tana kuka da wahalar ji. Tsamiya ta ce duhu na taɓa ta sai ta tsuke. Kuka ta ce rani na matsowa sai ta zubar da ganye don ta tanadi ɗan ruwan cikinta, ta tsaya tsirara ana yi mata dariya. Duma ya ce shi kullum cikin lalube yake, da zarar yaɗonsa ya taɓa danga sai ya nannaɗe. To, akwai wata tsohuwa a bakin rijiya mai wani gora, duk wanda ya gaji da ji sai ya je ya juye nasa a ciki. Itatuwa suka yi ta cika baki, amma ba wadda ta je, sai wata kyakkyawar bishiya guda.

"Yaya sunanta, Iya?"

"Ba a sani ba. Ba ta bar iri ba."

Bishiyar ta dawo tana taƙama. Rana ta ƙwalle, ba ruwanta. Sanyi ya sauko, ba ruwanta. Ta riƙa kiran tsamiya matsoraciya. Amma da rani ya yi tsanani ba ta san ta zubar da ganye ba, ruwan jikinta ya yi ta tafiya. Saiwarta ta wuce ta gefen damshi ba ta juya ba, don ba ta san yana nan ba. Gara ta shiga gindinta ta yi ɗaki da zaure, ita tana can sama tana gyara kwalliya. Da ta ga reshenta guda a ƙasa, sai ta aika wa tsohuwa a dawo mata da jinta. Tsohuwa ta ce abin da ya shiga gora ya shiga. Sai wani ɗan tsuntsu mai ƙwanƙwasa itace ya ji tausayinta. Kullum da yamma ya zo ya bi jikinta daga sama har ƙasa, yana ƙwanƙwasawa yana waƙa. A nan Iya takan ƙwanƙwasa kaina da yatsa:

"Ƙwan-ƙwan, uwar ɗakina,
nan da rai, nan ma da rai,
nan kuwa gara ta kwana."

Inda ya ce gara ta kwana sai ya tsince ta. Haka bishiya ta ci gaba da tsayuwa da jin aro.

"Sai me ya faru?"

"Sai me kuwa? Tsuntsun yana nan, bai tashi ba. Ƙurunƙus, ba don ganye ya yi barci ba da na ƙara miki."

Wani lokaci bayan tatsuniyar takan zarce da magana, kamar ba da ni take ba. Ta ce Allah ya sa wa jiki ma'auni irin na randa: zafi ya yi yawa ya tsattsafo da gumi ya huce, sanyi ya yi yawa ya kama rawar ɗari ya ɗumama kansa. Ta ce hannu yana janyewa daga wuta tun kafin mai shi ya yi shawara, don ya fi mai shi hankali. Na tuna wata rana da bazara, gumi ya jiƙa ta sharkaf, sai na ga wani wuri a ƙwaurinta fari-fari, a bushe ƙayau kamar tsibiri. Na nuna mata ina neman dabino. Ta ja zane ta rufe, ta ce wannan ba ya cikin wasa.

Ranar ƙaurin, lokacin sanyi ne. Goggo ta tafi da ni bikin suna can wajen Ƙofar Na'isa, ba mu dawo ba sai da aka idar da magariba. Na shigo da gudu, na wuce tsamiya ta riga ta rufe. Tun daga tsakar gida na ji ƙaurin. Iya tana zaune da carbi, ta jawo kasko da kanta. Wani garwashi ya gangaro ya lafe a diddigenta, yana cin ta. Ita kuwa murmushi take yi mini.

"Kin makara, uwar yawo. Me aka ba ki a gidan sunan?"

Na ƙwalla ƙara ina nuna ƙafar. Ta duba. Ban manta yadda murmushin ya bar fuskarta a hankali ba. Ta ture garwashin da murfin buta, ta ce in kawo man kaɗanya da tsumma mai tsabta. Daren nan ba a yi tatsuniya ba. Ba ta kuma ce in ɓoye wa mutanen gida ba. Na sha tunanin wannan. Ina jin ba ta so ta ɗora wa yarinya kayan da ya fi wuyanta.

Ni kuwa na kwana cikin murna. A makon ne Malam ya ba mu labarin Annabi Ibrahim, yadda aka jefa shi a wuta ta zama sanyi. Sai na haɗa wannan da wancan. Da safe Goggo tana suyar waina, yatsanta ya taɓa tanda, ta yi tsalle tana yarfe hannu tana salati. Na ce mata, da dukkan alfaharin da ke cikina:

"Ke Goggo raguwa ce. Jiya wuta ta ci diddigen Iya har da ƙauri, ko motsi ba ta yi ba. Iya waliyyiya ce."

Goggo ta daina yarfe hannu. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, waina tana ƙonewa a gabanta.

"Tun yaushe, Ma'u?"

Na ba ta labarin wasanmu kaf, da auna wuta, da tsibirin da ba ya gumi. Ina jiran ta yi mamaki. Sai na ga tana share ido da gefen mayafi.

Washegari Baffa ya zo da wanzami. Na leƙa ta bayan asabari, na ga an ɗaure wa Iya ido, wanzamin yana taɓa ƙafarta da gashin kaza, daga baya da tsinke, yana cewa, "Iya, nan fa?" Ita kuwa tana zaune a miƙe, ba ta san inda yake taɓawa ba. A gidanmu ba wanda ya taɓa furta kalmar kuturta, sai dai a ce ciwon nan. Baffa bai kai ta ko'ina ba. Ya gyara mata wani ɗaki a can bayan gida, aka ja 'yar katanga, aka ware mata kwano da buta da tabarma. Ni aka hana ni ƙetarawa. Na yi kuka har muryata ta dushe. Goggo ta rungume ni ta ce, "Don ke aka yi. Amanar ubanki ce ke, me za mu ce masa?"

Tsamiya ta ci gaba da rufe ido kullum, ba ta san an kwashe ɗakin ba. In ta rufe sai in zagaya in zauna a gindin katangar, inda aka bar rariya don ruwan sama. Ta nan muryar Iya take fitowa, ƙasa-ƙasa: "Ga ta nan tafe, ba ta sa takalmi ba." In amsa wa bango. Ta ba ni ta Gizo, ta ba ni ta kura, amma ta bishiya ba ta ƙara ba, ko na roƙa. Sau ɗaya na tambaye ta wa yake nema mata ƙaya yanzu.

"Nan babu ƙaya, an share mini tas. Ke dai dabino kike kwaɗayi."

Sai ga dabino ya gangaro ta rariya. Goggo ta hana ni ci, na ɓoye shi a cikin tsumma har ya bushe ya zama kamar dutse. Wani lokaci nakan hau soro in hango ta. Tsumman da ke ƙafarta kullum ƙaruwa yake. Daga baya ta koma jan gindi. Damina biyu ta yi a ɗakin, ta rasu. Mata a wurin zaman makoki suka ce ciwon ya cinye mata yatsu, haka yake yi.

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar bishiya a matsayin gargaɗi ga masu taƙama. Da na ƙara hankali sai na ɗauke ta a matsayin godiya ga zafi, don na lura duk abin da yake raye yana amsawa in an taɓa shi, ganye ya tsuke, ido ya ƙifta, zuciya ta yi kewa. Nakan rarrashi kaina da cewa kewar Iya da ke ci na alama ce gara ba ta gama da ni ba. Ban taɓa tsayawa a kan tsuntsun ba.

Bayan an buɗe makarantar 'yan mata a birni, Baffa ya sa ni, na iya boko. Daga nan aka ɗauke ni ina taimako a ɓangaren mata na asibiti, ina kuma yi wa wata Baturiya mai jinya tafinta. Bara wata dattijuwa ta zo da gyambo a tafin ƙafa. Baturiyar ta rufe mata ido, ta taɓa ta da auduga. Matar ba ta ji ba. Sai Baturiyar ta juyo ta ce in gaya wa matar da Hausa, a hankali, yadda za ta gane: ciwon nan jijiyar ji yake kashewa, yawanci ba shi yake cin yatsu ba. Ƙaya ce take ci, da garwashi, da tsakuwa a cikin takalmi, da raunin da ake takawa kullum ba a sani ba. Fatar kuma tunda ba ta gumi, bushewa take ta tsage, sai an riƙa shafa mata mai. Don haka ta nemi wani mai ido, kowace yamma ya duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya taɓa mata ruwa kafin ta sa ƙafa, ya auna mata nisan wuta.

Na faɗa mata duka, ban tsallake ko kalma ba, ko da yake sau biyu Baturiyar tana tambayata ko lafiya. Matar ta ce tana da jika, in za a bar yarinyar ta zo kusa da ita.

Shekara uku na yi ina neman ƙaya a ƙafar Iya. Duk tsawon lokacin yatsunta goma ne cif. Na sani, don kullum sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.