Ni da Baba mun zo na ƙarshe

"Nemo dutsen da ya ɗauki ɗan'uwansa a ka." Ina karanta tambaya ta uku ke nan, na waiga ban ga Baba ba. Ashe yana can gindin tsamiya, ya riƙe hannun mai gadi suna ta gaisawa.

Wasa ne aka shirya ranar Lahadi a wani lambun shaƙatawa nan Zinder. Ana ba ka takarda mai tambayoyi bakwai, kowace amsa ta kai ka wuri na gaba. Awa ɗaya ake bayarwa, kuma an hana tambayar kowa.

Likita ya ce Baba ya riƙa taka ƙasa saboda hawan jini, amma tun da ya bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ko ƙofar gida ba ya son leƙawa. Da ƙyar na lallaɓo shi.

To, taku biyar sai an ce masa "Mushe!" yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Wannan ɗalibinsa ne, wancan mutumin garin Gouna ne, sai an tambayi damina da iyali ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Haba Baba, saura minti goma fa!"

Ya ce, "Ke Hadiza, ni in wuce mutum ban gaishe shi ba saboda dutse? Dutsen zai gudu ne?"

Mu ne na ƙarshe, har an kwashe kujeru. Amma awa uku Baba ya yi a tsaye yana dariya. A hanyar gida ya ce in samo masa wata takardar.

Ku fa, kun taɓa faɗuwa wasa kuka koma gida da murna haka?