Casa'in da Ɗaya da Takardar Alhaji Bukar

Har yau ban mance da wata ranar Laraba ba, a zangon karatu na uku, sa'ad da aka tara mu malaman lissafi a wata firamare ta Fagge domin gyaran jarrabawar 'yan aji shida. A lokacin ni ne mataimakin hedimasta, sunana kuwa yana gaban hukuma ana shirin ba ni makaranta tawa, saura mini shekara biyu in ajiye aiki.

Ƙa'idar gyara ita ce, babban jami'i ya rubuta takardar amsoshi, kowane malami ya bi ta sau da ƙafa. Jami'inmu shi ne Alhaji Bukar, wanda kuma sa hannunsa ake jira a kan takardar ƙarin girmana.

Tambaya ta tara ta ce a nemo mafi girman lambar da za ta raba sittin da biyar da casa'in da ɗaya, ba saura. Takardar Alhaji ta ce ɗaya, domin ya ɗauki casa'in da ɗaya a cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Alhali kuwa casa'in da ɗaya bakwai sau goma sha uku ce, sittin da biyar kuma biyar sau goma sha uku. Amsa ita ce goma sha uku, yara da dama kuwa ita suka rubuta.

Malama Saratu, mutuniyar Zariya da ke koyarwa a Sabon Gari, ta raɗa mini cewa ita ma ta gani, amma in bari a tashi, in bi Alhaji wajen motarsa in gaya masa. Ban saurare ta ba. Na miƙe a gaban malamai, na ɗauki alli, na jera ɗigo goma sha uku sahu bakwai a allo, na roƙe shi ya ƙirga.

Bai ko dubi allon ba. Ya ce, "Malam Garba, gyara aka kawo ka, ko koyar da ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan soke wa yaro daidai ba."

Ya yi murmushi, ya sa aka kwashe takardun gabana aka miƙa wa wani. Kafin la'asar an bi kowace goma sha uku da jan biro an soke. Makarantar da nake jira aka ba wani da na koya wa riƙon alli. A mataimaki na yi ritaya.

Ku da kuke tasowa, ga abin da na koya. A wannan aiki, babba yakan karɓi gyara a gefen motarsa, murya ƙasa-ƙasa, bayan an gaisa. Gobe ya sanar da shi kamar shi ya gano. Malama Saratu ta san haka, ni na raina. Lissafina daidai ne, kuma har gobe daidai ne. Amma da na yi tafiyar nan ta taku ashirin zuwa motar Alhaji, da yaran sun sami makinsu.