Ranar da Taubashina Ya Ƙarar da Ruwan Gidana

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da taubashina ya ƙarar da ruwan gidana ina tsaye ina kallo ba. A shekarun fari ne, muna zaune a wani ƙauye kusa da Tirmini. Rijiyarmu ta ƙafe, sai mutum ya yi sammako da jaki zuwa wata mai nisa, ya dawo rana tsaka da abin da ba zai kai gobe ba. Alwala ma mun koma taimama.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Kaciya, ƙaho, sakiya, duk gidanmu ake kawowa. Kwatsam aka ce kowane gari ya ba da mutum guda, a kai shi Damagaram a koya masa taimakon gaggawa. Ni har na fara sallama da abokai. Sai dattawa suka zaɓi taubashin nawa, ɗan goggona, wai ya taɓa zama a lakkol, makarantar boko. Mutumin da ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai! Ya dawo da akwatin katako cike da auduga da jan magani, mata suka koma gaishe ni daga nesa suna wucewa gidansa. Wallahi na ji ƙyashi, irin wanda ke hana loma wucewa. In mun haɗu sai in ce, "Likita bokan Turai, yau wa ka kashe?" Shi kuma ya ce, "Wanzam, ai na bar maka kawuna, yi ta aski."

Wata rana da azahar matata ta sauke tukunyar talge na jar dawar taimako, ta juya ɗauko muciya. Autarmu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, yunwa ta sa ta tsoma hannu ciki har wuyan hannu. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Na san abin da ƙuna ke yi wa hannun yaro, don a garinmu akwai wanda yatsunsa suka manne tun yana ƙarami, ko hauya ba ya iya riƙewa. Na ruga na fara kwaɓa maganin gado, toka da busasshen kashin shanu. Ashe matata ta riga ta kwaɗa wa taubashina kira ta kan darni.

"Kada ka shafa mata komai!" ya ce tun daga zaure.

"A gidana? A kan 'yata?"

"Duk zagin da kake da shi ka ajiye mini sai gobe. Uwargida, miƙo tulun nan."

Ya ɗora yarinyar a cinya, ya zare awarwaron hannunta kafin wurin ya kumbura, ya shiga tsiyaya ruwa a hankali. Matata ta tara ƙwarya a ƙasa, amma ruwan da ya wanke talge da ƙuna sai dai jaki ya sha. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Ruwan sha ne fa, ɗan nan!" Ko ɗaga kai bai yi ba. Da tulun ya ƙare ya ce zafin bai gama fita daga naman ba, ya aika a ɗauko na gidansa.

Kukan ya lafa, fatar ta yi bororo. Hannuna da kansa ya tafi ga aska, don mu a saninmu ruwa in ya taru sai a yi masa hanya. Ya riƙe ni, ya ce in na fasa, ƙazanta na buɗe wa ƙofa. Ya sa ƙyalle mai tsabta tsakanin yatsa da yatsa, ya naɗe sako-sako, muka tare kamiyon, babbar motar kaya, da ya kawo dawa zai koma birni. A gidan likita aka tambaya, "Wa ya zuba mata ruwa?" Aka yi ta sa masa albarka, ni uban yarinya ina gefe, tokar tana nan a farcena. Ga godiya ga haushi, na rasa wanda zan fara haɗiyewa.

Hannu ya warke sumul, sai ɗan tabo a baya. Yanzu ta zama uwa, da yatsun nan take yi wa rabin unguwarsu kitso a Damagaram. In ta zo gari, gidansa take fara sauka, kuma har gobe abin yana sosa mini rai. Amma na koyi darasi, ina kuma faɗa wa duk wanda ya zauna gabana aski: ƙuna ruwa mai tsabta take so, a daɗe ana zubawa, ba toka, ba mai, ba fasawa. Sannan ka yi hattara da wanda kake wa ƙyashi. Mutumin da nake wa dariya a bainar jama'a, 'ya'yansa da ƙishirwa suka kwana ranar don 'yata ta tashi da yatsunta.