Ubale Mai Birki Zai Koma Gida

Kullum in an sallame sallar asuba a masallacinmu na unguwar PK8 a Libreville, Malam Ubale ba ya komawa ɗaki. Rumfarsa ta langa-langa yake wucewa a bakin titi, ya share wuri, ya jera sufanunsa kan buhu, ya zauna. Birki kaɗai yake gyarawa. In ka kawo masa inji sai ya nuna maka gaba.

Ni Kaltoumi ƙosai nake soyawa daura da rumfar tun 'ya'yana suna ƙanana, saboda haka abin da zan faɗa idona ne ya gani.

Tunda kuɗin fetur suka faɗo ƙasar nan kowa sauri yake. Yaranmu na Maraɗi da Damagaram da Kano suka cika Libreville da taksi. A gida iska busasshiya ce, man birki sai ya daɗe ba a taɓa shi ba, in ya ragu a ƙara. Da wannan sabon suka zo. Nan kuwa bakin teku ne, ko gishiri a kwano jiƙewa yake. Malam ya ce haka man birki yake shan laima a ɓoye, sai ranar da ya yi zafi a gangare ka taka ka ji wayam.

Shi ba ya ƙari, tsohon yake zubarwa duka. Kuma direba ba ya tafiya shan shayi. A kujerarsa zai zauna yana taka birki, Malam na kwance a ƙasa da kwalba yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Taka. Ƙara. Riƙe nan."

"Baba, fasinja na jirana a unguwar Louis."

"Su jira. Wannan ƙafar taka ce ko ta jinjiri? Taka kamar ka ci tuwo."

Haka za su yi har baƙin man ya ƙare, sabo ya fito garau ba kumfa. In ya cire takalmin birki, wanda suke ce wa pilaket, sai ya sa wa direba a tafin hannu. "Duba nan. Farcena ya fi shi kauri. A kan wannan kake ɗora 'ya'yan mutane."

Da yawa suka guje shi, wai ɓata lokaci gare shi. Har da babban ɗana Ahmadou. Malam ya tare shi a gabana ya ce ya kawo motar. Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, jiya na ƙara mai. Bari damina ta wuce." Ba ta wuce ba. A wani gangare kan hanyar Ntoum ya taka, birki bai amsa ba. Shi da fasinjansa, Allah Ya jiƙansu. Kwana ne ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Malam Ubale na cikin masu ɗaukar makara, kuma har yau bai taɓa ce mini "ai na gaya masa" ba.

Malam, kai ne ka zo bayan sadakar arba'in ka zaunar da ƙanensa Sabitu, ka ce muddin kana numfashi motarsa ba za ta shiga damina ba sai ta bi ta hannunka. Ka cika. In ya yi nauyin ƙafa, har tasha kake bin sa. Ubale gagara-gaggawa.

Yanzu yanar ido ta rufe maka gani. Ba ka bambanta baƙin mai da fari a kwalba, ka ce ba ka aikin rai da lalube. Bayan Sallah za ka koma Kano. Na tambaye ka wa ka bar wa aikin, ka ce duk wanda ya zo koyo ba ya zama, kamfanonin mai yake komawa.

Na gode, Malam. Allah Ya saka maka, Ya buɗe idonka, Ya kai ka gida lafiya.

Ku kuma masu gareji, don Allah wani ya je ya kwanta kusa da tsohon nan ya ga yadda ake yi tun bai tafi ba. Na roƙi liman ya faɗa a masallaci, ni ma na faɗa a tasha da bakina. Har yau ba wanda ya je. Sabitu kaɗai ya rage mini, kuma hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku.